Hausa Ba Dabo Ba Ce: Ina Iyakar Tilas?

A cikin watan Agusta na shekarar 2024 ruwa ya karya gadar Namnai, wadda ke kan babbar hanyar nan da ta tashi daga Jalingo ta nufi Wukari. Hanyar kuwa ita ce ta haɗa babban birnin Jihar Taraba da kudancin jihar, ta zarce har Jihar Binuwai. Da gada ta tafi, sai matafiya suka koma ƙetare ruwa cikin jirage, mutum da kayansa, wani har da motarsa, ana biyan kuɗin fito kamar yadda kakanni suka yi kafin zuwan kwalta. Cikin watan Yuli na 2025 wani jirgi ya kife a mashigin, aka yi hasarar rayuka, amma duk da haka ba a fasa fito ba. In da za a tsai da ɗaya daga cikin matafiyan a tambaye shi abin da ya sa zai shiga jirgi alhali ya san abin da ya auku, amsarsa ba za ta wuce kalma biyu ba: dole ce. Wani kuwa ya ce, tilas ce.

Waɗannan kalmomi biyu, tilas da dole, su ne Hausa ta tanada domin aikin da mutum ya yi ba da zaɓinsa ba. Tsofaffin kalmomi ne, duka biyu suna cikin ƙamus na Bargery wanda aka buga a 1934, kuma ba ranar da za ta fito ta faɗi ba a ji su sau ɗari ba a kasuwa da tasha da ofis. To, amma yawan taɓawa shi ke sa kwabo ya shafe har a kasa karanta rubutun da ke jikinsa. Yau an kai ga wanda aka ɗora wa bindiga a ƙirji, da wanda kwaɗayi ya ja, da wanda barci ya sace, kowa tilas yake kira. Ya kamata a zauna a rarrabe, don akwai wuraren da ƙaramin bambancin nan shi ke raba mutum da gidan kurkuku.

Da farko a dubi yadda kalmomin ke zama a cikin jimla. Tilas suna ne, kuma karin magana ya nuna mace ce, tun da cewa ake yi tilas ba ta rasa ɗakin kwana, watau ko gida ya cika maƙil, in ta zo sai an matsa mata. Amma a maganar yau da kullum ana jin tilas ne, ana jin tilas ce, ba wanda ke ɗaga kai. Daga gare ta aka sami aikatau tilasta, a ce an tilasta masa, ko an tilasta shi. Dole ba ta haifi irin wannan aikatau da ya bazu a bakin Hausawa ba, sai dai a kewaya a ce an sa shi dole, ko an yi masa dole. A Fillancin da ake ji a ƙasar Muri kuwa akwai kalmar doole da wannan ma'ana, har can Senegal ma, a harshen Wolof, doole na nufin ƙarfi. Zabarmawa su ma suna cewa tilas. Ashe kalmomin matafiya ne, sun daɗe suna yawo tsakanin al'ummun Afirka ta Yamma, ko'ina kuwa suka sauka ƙarfi ke biye da su.

Galibin mutane sun ɗauke su abu guda ne, kuma a wurare da yawa haka ɗin ne: auren dole da auren tilas duk hawaye ɗaya ne. Amma wanda ya kasa kunne zai ji tilas ta fi nauyi. In an ambace ta sai zuciya ta nemi wanda ya yi tilastawar, wani mai sanda ko mai hatimi da ke tsaye a baya. Dole kuwa ta yi sauƙi har ta shiga raha. A ga mutum ya yi ƙiba bayan ya auri mai iya girki, sai abokansa su ce, ai dole! A nan ba wanda aka matsa wa, abin nufi kawai shi ne ba mamaki. Haka nan mai tumatir a babbar kasuwar Jalingo, in aka taya kayansa da wulaƙanci, sai ya janye tire ya ce, ba dole. Da wannan ya tuna wa mai saye cewa ciniki yarda ne, in ba a daidaita ba kowa ya kama gabansa ba tare da ɓacin rai ba. Duk da haka dole ba ta rasa haƙoranta ba, don ita ce aka yi wa kirari da ƙanwar na-ƙi.

Akwai wani tarko a rubuce wanda ba ya kama mai magana. In aka rubuta tilas ya biya, mai karatu ba shi da hanyar sanin ko umurni ne ake bayarwa cewa sai ya biya, ko kuwa labari ne ake bayarwa cewa ya riga ya biya ba da son ransa ba. A baki muryar da ake ɗora wa ya ita ke raba su, ta faɗi a na farko, ta tashi a na biyu, amma rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti. In jam'i ne abin a fili yake: tilas su biya dabam, tilas suka biya dabam. Saboda haka marubuci mai lura yakan ƙara kalma, ya ce tilas ne ya biya in umurni yake nufi, ko ala tilas ya biya in labari ne. Magatakardan kotu da masu rubuta wasiƙun ofis su suka fi bukatar kiyaye wannan.

Sai kuma ayyukan da jiki ke yi ba tare da ya shawarci mai shi ba, kamar atishawa da hamma da shaƙuwa da ƙiftawar ido da bugun zuciya. Ɗalibin da aka ba fassarar littafin kiwon lafiya zai iya gaggawar kiransu ayyukan tilas. Ba haka Bahaushe ke faɗa ba. Dabararsa ita ce ya sauke mutum daga kujerar mai aikatawa ya ɗora abin da ya same shi a kai. Ba ya cewa na yi barci ala tilas, sai ya ce barci ya ɗauke ni. Dariya ta suɓuce masa, kuka ya ƙwace mata, atishawa ta zo, fitsari ya kuɓuce wa yaro, mantuwa ta kama tsoho. A duk waɗannan nufi bai halarta ba sam. A tilas kuwa nufi yana nan, ido biyu, ya san abin da ake ciki, tanƙwara shi aka yi. Matafiyin Namnai da ƙafarsa ya taka cikin jirgi, ya kuma ƙirga kuɗi ya miƙa. Yana iya komawa gida, sai dai komawar ta fi masa tsada, ko dai mara lafiya ke jira a Wukari ko doyarsa za ta ruɓe. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, in ji masu iya magana, ya fi wutar zafi. Irin wannan matsi da hali ke kawowa, ba mutum ba, malamai sun ba shi suna larura, kalmar da aka aro daga Larabci.

Wajibi ma daga Larabci ta zo, kuma ita ce aka fi cakuɗawa da tilas, alhali tsakaninsu akwai tafiya. Wajibi nauyi ne da ya hau kan mutum, wanda yana da ikon saukewa ko ƙin saukewa, in ya ƙi ya zama mai laifi. Ciyar da iyali wajibi ne, amma ga magidanta nan da yawa da ba su yi. Gyaran gadar da ta karye wajibi ne a kan hukuma, shiga jirgin fito kuwa dole ce a kan talaka, kuma sau da yawa dolen wani daga jinkirin wajibin wani take fitowa.

Garin Jalingo kansa ya san kalmar tun daga tushensa. Sarkin Muri Muhammadu Nya ya yi shekaru yana fama da Jukunawan Kona, waɗanda suka ƙi miƙa wuya, bai ci garinsu ba. Ana nan sai ga wani hafsan sojan ruwa na Faransa, Louis Mizon, ya hauro Binuwai da jiragensa a 1892, ya ƙulla yarjejeniya da Sarki, ya kawo bindigogi da igwa. A ƙarshen watan Disamba na wannan shekara aka fasa Kona, aka kwashi mutane da yawa aka bautar. Kamfanin Ingilishi na Royal Niger ya ɗaga murya, aka janye Mizon a 1893, a shekarar nan kuwa sansanin yaƙin Sarki da ke kusa da Kona ya zama gari, aka sa masa suna Jalingo, daga kalmar Fillanci mai nufin rinjaye. Abin da ya rinjaya ya kira nasara, wanda aka rinjaya tilas ya kira shi. Yau jikokin ɓangarorin biyu suna zaune gari ɗaya, suna ciniki a kasuwa ɗaya, da Hausa kuwa suke yinsa.

Zamanin Turawa ya ƙara wa kalmar ɗaci. An hana cinikin bayi, amma aka shigo da aikin tilas: a aiko wa hakimi adadi, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya bi gida gida yana ɗibar majiya ƙarfi domin dako ko gyaran hanya ko shimfiɗa dogo. Mafi muni shi ne na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila ke samun yawancin kuzarta, sai aka juyo kan ma'adinan Jos, daga 1942 zuwa 1944 aka ɗebi talakawa kimanin 100,000 daga lardunan Arewa aka kai su haƙar kuza, ga sanyin tsauni ga ƙarancin abinci, da yawa ba su koma gida ba. A Nijar da sauran ƙasashen da Faransa ta mallaka sai a watan Afrilu na 1946 aka soke aikin tilas, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Abin lura shi ne, yarjejeniyar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsara a 1930 ta kafa sharaɗi biyu kafin a kira aiki na tilas: a yi wa mutum barazanar horo, kuma ya zama ba shi ya miƙa kansa ba. Bahaushen da bai taɓa jin labarin Janiba ba ya san sharuɗɗan nan, don su ne cikin kalmar tilasta.

Wannan tarihi shi ya sa kalmar ba ta da farin jini in ta fito daga bakin hukuma. Dattawa sun tuna lokacin da ake kamun yara a kai su makarantar boko, iyaye na ɓoye 'ya'yansu a rumbu. Da aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta a 1976, sannan dokar 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare haƙƙi ne da ba a yarda uba ya hana ɗansa ba, masu fassara da yawa sai suka ce ilmin tilas. Fassarar ba ƙarya ba ce, tun da dokar ta tanadi horo ga uban da ya ƙi. Amma uban da ke ƙauyen Ardo-Kola ko Lau, in ya ji tilas, ɗan doka yake gani a ƙofar gida. Da an ce masa ilmin ɗansa wajibi ne a kansa, da an yi magana da shi a matsayin mai hankali wanda ya san nauyi. Zaɓen kalma a nan ba ado ba ne. A wani wurin kuwa akasin haka ake yi, a ɓoye tilas a bayan kalma mai laushi. Ma'aikata fiye da 10,000 da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallama a 1975, da yawansu an ce sun yi ritaya, jama'a ne suka ƙara wa ritayar kalmar dole don gaskiya ta fito.

Malaman fiƙihu sun daɗe da yi wa wannan babi filla-filla, suna kiransa ikrahi. Asalinsa labarin Ammar ɗan Yasir ne, wanda aka azabtar a Makka har ya furta abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba, aya ta 106 ta Suratun Nahli ta ɗauke masa laifi. Imamu Malik, wanda mazhabarsa ake bi a ƙasar nan, ya tsaya a kan cewa sakin wanda aka tilasta bai auku ba. Mahukuntan Madina na zamanin Halifa Mansur suka hangi inda maganar ta nufa, watau in saki na tilas banza ne, to, mubaya'ar da aka karɓa da takobi ma banza ce, aka kama Malik aka yi masa bulala, bai janye ba. Hanafawa kuwa sun saɓa, a wurinsu sakin ya auku. Sai dai malaman ba su bar ƙofa a buɗe ba. Ba kowane tsoro ne ikrahi ba: sai mai barazanar yana da ikon aikatawa, sai cutar ta zama mai tsanani, kuma ko da za a kashe mutum ba a yarda ya kashe wani don ya tsira ba. Dokar Final Kod ta 1959, wadda jihohin Arewa suka gada, ta bi kusan wannan tafarki a sashe na 57. Ta ɗauke laifi daga wanda aka yi wa barazanar kisa nan take, amma ta cire kisan kai da manyan laifuffukan cin amanar ƙasa daga rangwamen.

In an auna da wannan ma'auni, yawancin tilas ɗin da ake ji a gari ba za ta ci jarrabawa ba. Ma'aikacin da ya karɓi na goro kafin ya fito da fayil cewa yake albashi ba ya kai wata, dole ce. Ɗan kasuwar da ya ɓoye masara sai ta yi tsada, shi ma dole ce. Uban da ya ci kuɗin attajiri ya aurar da 'yar da ba ta so, ya ce hali ne ya tilasta. Ba a musun cewa rayuwa ta yi tsanani, balle tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Amma ga maƙwabcin ma'aikacin nan, albashinsu ɗaya, bai karɓa ba. Wanda ya miƙa cin hanci don a duba ɗansa da ke kwance yana da hujjar kiran tilas, wanda ya karɓa kuwa aron rigar wanda ya zalunta ya yi. Kalmar ta zama inuwar da mai laifi da wanda aka yi wa laifi ke rububin shiga, har ta kusa kasa rufe mai ita na gaskiya.

Inda abin ya fi zama da hatsari shi ne gaban alƙali. Jihar Taraba, wadda aka yanko daga Gongola ranar 27 ga Agusta 1991, tana cikin jihohin da suka fi yawan harsuna a Nijeriya. Mumuye da Jukun da Fulani da Jenjo da Wurkun da Tibi da sauransu, in sun haɗu a Jalingo, Hausa ce ke haɗa su, amma ga da yawansu harshe na biyu ce ko na uku. A Babbar Kotu kuwa da Turanci ake rubuta shari'a. Watau maganar wanda ake tuhuma takan tashi daga harshen uwarsa, ta ratsa ta Hausa, tafinta ya juya ta zuwa Turanci, sannan ta sauka a takarda. A kowace gaɓa ana iya zubar da wani abu.

A ɗauka an gurfanar da manomi, an kawo takardar da aka ce ya amsa laifi a cikinta, an tambaye shi ko shi ya dangwala hannu, ya ce, dole na sa hannu. Wannan jimla tana iya ɗaukar ma'ana uku. Ko dai an doke shi ko an tsorata shi har ya sa, ko kuwa ya ga kowa na sawa ya ɗauka ƙa'ida ce, ko kuma irin dolen nan ce ta ai dole, watau tun da shi ya yi, me zai hana ya sa? Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 29, ta hana kotu karɓar amsa laifin da aka samo ta hanyar gallazawa, kuma in wanda ake tuhuma ya yi wannan da'awa, alƙali kan tsai da shari'a ya binciki yadda aka sami takardar kafin a ci gaba. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta ƙara ƙarfafa wannan. To, in tafinta ya ɗauki ma'ana ta farko ya mai da ita ta uku, ya rufe wa mutum ƙofar da doka ta buɗe masa. In kuwa ya ɗauki ta uku ya mai da ita ta farko, ya shafa wa ɗan sandan da bai yi kome ba baƙin fenti. Haka nan wanda ya ce ba da son raina na buge shi ba, yana iya nufin hannunsa ne ya suɓuce, wanda wannan kuskure ne ko tsautsayi, yana kuma iya nufin wani ne ya sa shi, kowanne kuwa da sashensa a doka da irin hukuncinsa.

Tafinta mai tsoron Allah, in ya ji dole ko tilas a bakin wanda ake tuhuma, ba ya gaggawar juyawa. Yakan nemi izinin alƙali a sake tambayar mutumin: wa ya sa ka, da me ya tsorata ka, me kake jin zai same ka in ka ƙi? In ya ambaci mutum da abin da mutumin ya riƙe a hannu, to, tilastawa ce, a rubuta ta da sunanta. In ya ce yunwa ce ko bashi, larura yake nufi, alƙali ya san inda zai ajiye ta wajen sassauci. In kuwa ya yi shiru yana kallon ƙasa, a rubuta cewa an tambaye shi bai amsa ba.